Idan Inji Ya Fara Yoyon Baƙin Mai Bayan An Haɗa Shi

An sauke inji, an yanka kiranshaf, an zuba sabon ringi da metal, an sa gaskit sabo fil daga sama har ƙasa, an mayar, an yi ki ya tashi lafiya lau. Bayan kwana biyu ko uku sai mai mota ya fito da safe ya tarar da baƙin tabo a ƙasa, daidai inda gaban motar ya kwana. A wannan gaɓar ake tafka ɓarna ta biyu, wadda sau da yawa ta fi ta farko cin kuɗi. Ko dai a ɗauko gam a lafta a duk inda aka ga jiƙa, ko kuma bakanike ya durƙusa ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Alhaji, ai sil ɗin baya ne, sai an sauke giya." Wani lokaci gaskiyarsa ne. Amma leƙe ɗaya ba ya isa a yanke wannan hukunci, domin inda mai yake ɗiga da inda yake fitowa wuri biyu ne daban.

Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano da damina ya san haka: ruwa na ɗiga a tsakiyar silin, alhali hujin yana can gefe, ruwan ya bi katako ne ya gangaro. Baƙin mai ma yana bin jikin inji ya gangara, iskar fanka da iskar gudu su kora shi baya, ya taru a wuri mafi ƙasa, wato gindin kaskon mai ko mahaɗar inji da giya. Shi ya sa kusan kowane yoyo, idan daga ƙasa ka kalle shi, kamar na sil ɗin baya yake, wanda ke zaune a mahaɗar nan.

Kafin komai, ka tabbatar yoyon gaske ne, kuma na baƙin mai ne. Inji sabon haɗi yana fitowa da mai a jiki: wanda aka shafa wa sassa lokacin haɗawa, wanda ya zube gefe lokacin ɗurawa, da tsohon da ya kwanta a lungunan bodi tun kafin gyara. Wannan yakan yi hayaƙi a kan salansa a ranar farko, ya ɗan ɗiga, sannan ya ƙare don kansa. Shimfiɗa kwali mai haske a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Da safe ka dangwala da yatsa. Baƙin man da aka zuba sabo launin zuma gare shi, bai riga ya yi baƙi ba. Man giya mai kuloch yana da kauri da wani wari mai hawa kai wanda ba ya ɓuya. Man giya otomatik galibi ja ne, haka ma man sitiyari a motoci da dama. Ka tuna cewa a yawancin motocin da ke jan gaba an zare shaf-shaf ɗin taya lokacin sauke inji, kuma sil ɗinsu na iya yagewa wajen mayarwa. In haka ne, injin ba ruwansa.

Sai ka auna girman matsalar. Naso, wato jiƙar da ƙura ke mannewa a kai amma ba ta ɗiga, zai iya jira. Ɗigon da ke barin tabo cikin dare yana son gyara a wannan makon, kana duba geji kowace safiya. Amma man da ke tsiyaya yayin da inji ke aiki, ko yake zuba a kan bututun salansa mai zafi, ko fitilar mai ta fara ƙiftawa, wannan a kashe mota nan take. Fitilar nan a yawancin motoci ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar, alhali lafiyayyen inji a kan gudu yana riƙe da kamar bar 2 zuwa 4. Kafin ta kama, metal ɗin da ka saya jiya ya riga ya fara jin jiki. Kuma tun kana riƙe da gejin, duba ko an zarce layin sama. Yaran gareji da yawa suna juye galan duka don kada a ce sun rage, kiranshaf ya riƙa dukan man yana watsa shi ga sil, ya yi kumfa, ya fita ta inda bai kamata ba. Rage shi zuwa layi kawai yakan kashe maganar.

Wanki shi ne rabin aikin

Ba a neman yoyo a jikin inji mai datti. A bar shi ya huce, a rufe altaneta da distiributa ko koyil da leda, a wanke da kananzir da buroshi, a bi da ruwan omo, a ɗauraye, a bar shi ya bushe ƙayau. Na san fetur aka fi amfani da shi a garejinmu saboda saurin bushewa, amma fetur kusa da batir da salansa mai ɗumi ya ƙona motoci da mutane, kuma ba abin da yake yi wanda kananzir ba zai yi ba.

Idan ya bushe, ka samo hodar jarirai ko garin alli ka barbaɗa a duk mahaɗar da kake zargi: gefen murfin sama, kewayen filta, bakin kaskon mai, bayan fuli, bayan kan inji ta wajen giya. Ka tayar da motar a kan rami, ko a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da minti ɗaya ne. Ka bar ta a silo har ta ɗauki zafi, ka riƙe tocila, ka zuba ido. Mai zai zana baƙin layi siriri a cikin farar hodar. Ka bi layin nan sama, ba ƙasa ba, har inda ya fara. Wurin da ya fi kowane tsayi kuma ya fi kusa da gaba, shi ne mai laifi.

Lokacin da ya bayyana ma yana ba da labari. Wanda ya fito cikin minti ɗaya ko biyu da tayarwa, yana ƙaruwa idan an taka totur, daga hanyar da mai ke bi da matsi yake: filta, suwic ɗin mai, kular mai, ko wata toshiya. Wanda ba ya fitowa a silo sai an yi gudu a titi, ka zargi sil da numfashin inji. Wanda ke ɗiga ko da mota a kashe take kwana da kwanaki, yana ƙasa da layin mai ne, wato noti na juye mai ko kaskon kansa ya tsage. Idan silo bai nuna komai ba, ka yi tafiyar kilomita biyar zuwa goma ka dawo ka sake dubawa, kada ka yi nisa har iska ta watsa shaidar. Akwai kuma wani rini da ake zubawa cikin mai a haska da fitila ta musamman ya yi ƙyalli, ga wanda ya samu, amma hoda na yin aikin a mafi yawan lokuta.

Fara da masu araha

Filta ce ta farko. Robar tsohuwar filta takan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu su haɗu, mai ya yi ta feshi. A kwance a duba. Ana shafa wa robar ɗan mai, a murɗa da hannu har ta taɓa, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a sa mata sarƙa ko sufana wajen ɗaurewa. Sai notin juye mai: woshar tagulla ko alminiyon da ke jikinsa sau ɗaya ake matse ta, kuma ƙarfin ɗaurinsa a ƙananan motoci bai wuce Nm 30 zuwa 40 ba. Sai suwic ɗin mai, wanda kan tsage ta wajen robarsa idan an buge shi lokacin ɗaga inji. Zare wayarsa, in ka ga mai a cikin soket ɗin, ya mutu, a canza.

Kowace mota kuma tana da inda ta saba. A Golf 3 mai fetur, ka duba zoben robar da ke tsakanin kular mai da mazaunin filta, da suwic ɗin da ke ƙarshen kan inji ta ɓangaren giya, wanda mansa ke gangarowa kan giyar ya ruɗi mutane. A bayan taimin bel ɗin wasu injunanta sil uku ne, na kamshaf, na shaf ɗin tsakiya da na kiranshaf, kuma na tsakiyar ne ake yawan mantawa. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ, zoben robar abin da ke tsuke taimin cen, a bayan injin ta wajen fuli, sananne ne da naso, kuma noti biyu ne kawai ke riƙe da shi. A tsofaffin Honda Accord masu distiributa, zoben robar gindin distiributar yana zubo mai kai tsaye kan mahaɗar inji da giya. An sha sauke giya a banza saboda robar da kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba.

Gam da ƙarfin hannu

Yawancin yoyon murfin sama da na kaskon mai, wanda kanikawa ke kira botom, daga abu biyu suke: gam ya yi yawa, ɗauri ya yi yawa. Ƙananan kusoshin nan masu kai lamba 10 ƙarfinsu Nm 8 zuwa 12 ne, abin da yatsu uku a kan gajeriyar sufana za su bayar. Idan yaro ya sa doguwar sufana ya danna da kafaɗa, gaskit ɗin zai matse ya tsage ko ya bullo gefe, ƙarfen kuma ya lotsa. Ɗauki botom na ƙarfe da aka taɓa yi wa haka, ka goge bakinsa, ka ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a kai ka duba ta hasken rana. Za ka ga kowane rami ya tashi kamar ƙaramin tudu, tsakanin ramuka kuma haske na wucewa. Komai sabuntar gaskit, tudun ne kaɗai zai matse shi. Gyaran ba wuya: ka ɗora bakin a kan katako mai ƙarfi, ka sa kan guduma mai zagaye a ramin, ka buga da wata gudumar a hankali har ya koma daidai, rami bayan rami. Na alminiyon ba a buga shi, fashewa zai yi.

Wajen mayarwa, a kankare tsohon gam tas ba tare da karce ƙarfen ba, a goge da tina ko wani abin da ba ya barin maiƙo, domin silikon ba ya kama wurin da ke da mai ko kaɗan. A duba ramukan kusoshin da ba su huda waje ba. Idan mai ko busasshen gam ya cika su, kusa za ta yi tauri kamar ta ɗauru alhali ba ta matse komai ba. A ɗaura duka da hannu tukuna, sannan a bi su daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallakawa wannan ɓari da wancan, a zagaye biyu ko uku.

Gaskit na roba ba ya son gam. Busasshe ake sa shi, sai ɗigo kaɗan a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu, kamar inda murfin sama ya hau kan tudun kamshaf, ko inda murfin taimin ya haɗu da bulok. Idan aka shafe shi duka, santsi zai sa ya zame ya fito. Wasu injunan kuma, irin 1ZZ ɗin nan, ba su da gaskit a botom da murfin taimin, gam ne kaɗai daga kamfani. A nan ana zana layi ɗaya mara yankewa, yana bi ta ɓangaren ciki na ramukan kusoshi, a haɗa cikin 'yan mintoci kafin ya yi fata. Littafin Toyota ya ce kada a tayar da inji sai bayan aƙalla awa 2, kuma silikon ɗin kasuwa yana son kwana guda kafin ya gama bushewa. Matsalar ita ce direban haya yana tsaye a kanka yana duba agogo, lodi na jiransa a tasha.

Ga abin da ya sa nake tsananta wa gam. Duk abin da ka ga ya bullo ta waje, irinsa ya bullo ta ciki. Zafi da mai za su gutsure shi, ya faɗa cikin botom, ya je ya toshe rariyar famfon mai. Bakanike da ya daɗe a sana'a ya sha buɗe injin da ya buga wata guda bayan haɗi ya tarar da rariyar cike da jan silikon kamar tsumma. Mai motar ya gudu daga ɗigo ya faɗa sayen wani kiranshaf.

Sil

Sil ɗin kiranshaf da na kamshaf zobe ne na roba mai leɓe siriri, da ƙaramin sifirin a ciki yana matse leɓen a jikin shaf. Ɓangaren da sifirin yake shi ke kallon cikin inji. Wasu suna da kibiya da ke nuna inda shaf ke juyawa, a kula da ita. Kafin ka sa sabo, ka bi wurin da tsohon ya zauna da farce. Idan farcenka ya maƙale a wani zagayayyen kwari, shekaru da ƙurar hunturu sun ci ƙarfen, kuma sabon leɓe in ya faɗa cikin kwarin nan ba zai riƙe mai ba. Mafita ita ce a zaunar da sil ɗin milimita ɗaya ko biyu gaba ko baya don leɓen ya hau lafiyayyen wuri, ko a sa siririyar rigar ƙarfe da ake yi don haka. A wasu injunan leɓen a wuyan fuli yake gudu, sai a canza fulin a huta.

Wajen sawa ake kashe yawancinsu. Bakin shaf da ramin ki suna da kaifi, suna yanka leɓen ko su kifar da shi sifirin ya fita, kai ba ka gani ba. Ka yanko ɗan falle daga gorar ruwa ta roba ka naɗe bakin shaf ɗin, ka shafa mai a leɓen, ka zura sil ɗin a kai, sannan ka zare robar. Ka tura shi da bututu ko babban soket mai faɗinsa, kana bugawa kaɗan-kaɗan, ya shiga a miƙe. Sukundireba da guduma gefe-gefe su ne ke karkatar da shi. Akwai kuma sabon samfuri mara sifirin, mai faffaɗan leɓe na Teflon, da ake samu a injunan Volkswagen na baya-bayan nan da wasunsu. Shi a bushe ake sa shi, ba mai ba giris, da rigar robar da ya zo da ita, a bar shi kamar awa 4 kafin a juya injin. Wanda ya shafa masa mai don kyautatawa ya lalata shi.

Ingancin kaya ma magana ce. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za ka samu sil iri uku ko huɗu na mota ɗaya, kowanne da kuɗinsa. Sil ɗin da ke zuwa cikin cikakken kwalin gaskit mai araha sau da yawa robarsa ba ta jure zafi, wata kaɗan ta ƙandare. A ganina, ko za ka yi tsimi a ko'ina, kada ka yi a sil ɗin baya, domin kuɗin aikin kai wa gare shi ya ninka kuɗinsa sau da yawa. Kuma idan mai ya jiƙa taimin bel, a canza bel ɗin, wanki ba ya dawo da shi.

Idan sabon sil ya sake zuba

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Kowane inji yana da iskar da ke kuɓucewa ta gefen ringi ta sauka cikin botom, kuma akwai bututu da ɗan bawul, wanda ake kira birida, da ke zuƙe ta zuwa hanyar shan iska a ƙone ta. Idan bututun ya toshe da daskararren mai, ko ya lanƙwashe, ko an manta an mayar da shi, ko wani ya toshe shi da kusa don silo ya daidaita, iskar ba ta da mafita. Za ta tura mai ta sil, ta ɗaga geji daga mazauninsa, ta jiƙa wuri uku ko huɗu lokaci guda. Yoyo a wurare da yawa a sabon haɗi galibi wannan ne.

Gwajin mai sauƙi ne. Inji na silo da zafinsa, ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi a bakin ba tare da murɗawa ba. Lafiyayye zai ɗan zuƙe shi ko ya bar shi yana rawa kaɗan. Idan yana tunkuɗo shi yana huci da hayaƙi, akwai matsi. Ciro bawul ɗin ka girgiza, irin mai ƙwallo ya kamata ya yi ƙara. Ka hura bututun ka ji ko iska na wucewa. In duk wannan lafiya ne amma hucin na nan, to ringi ne. Sabon ringi yana buƙatar kamar kilomita 800 zuwa 1,000 kafin ya gama zama, ana tafiya ana sauya gudu, ba a barin mota tana silo awa da awanni, kuma ɗan huci a wannan tsakanin ba abin tsoro ba ne. Amma idan an zuba ringi a silindar da ta cinye ba a yi mata borin ba, ko an jera bakunan ringin a layi ɗaya, ko an kifa wani, hucin ba zai ragu ba. A auna kwamfireshan. In ya nuna haka, ba sil ko gam ɗin da zai tsayar da man, sai an koma ciki. Zuba mai mai kauri ko maganin kaurara mai a nan ɓoye ciwo ne, kuma yana hana sabon ringi zama.

In an tabbatar na baya ne

Sai an ga bayan kan inji a bushe, botom a bushe, birida lafiya, mai kuma na fitowa daga cikin mahaɗar giya, sannan a sauke ta. Tunda an sha wannan wahalar, kada a zare sil a sa wani a rufe. A cire filawil a haska bayan bulok da kyau. Masu borin da yankan kiranshaf sukan kwance toshiyoyin hanyar mai don wanki, wani lokaci a mayar ba gam a tiredin ko ba a ɗaure sosai ba. Mazaunin sil ɗin yana da nasa gaskit, kuma dole ya zauna a kan fil-fil ɗinsa don ya daidaita da tsakiyar shaf. A wasu injunan ramukan kusoshin filawil sun huda har cikin inji, sai an shafa wa tiredinsu gam na musamman, in ba haka ba mai ya biyo su. A sa ƙarfe a tura kiranshaf gaba da baya: wasansa bai kamata ya wuce kamar milimita 0.3 ba, kuma in ido na ganin yana kai da komo, woshar da ke tare shi ta faɗi ko ba daidai aka sa ba, zai kuma ci kowane sil. Idan mai ya taɓa faifan kuloch, a canza shi a lokacin.

Maganar wa zai biya, gara a yi ta kafin a taɓa sufana. Mai mota ya ce, "Malam, mu wanke mu gani tare. In hannu ne, naka ne. In kayan da na sayo ne, nawa ne." Bakaniken kirki ba ya ƙin wannan, domin hodar za ta nuna wa kowa. Bayan gyara a sake wankewa, a sake barbaɗa hoda, a yi gudu har inji ya yi zafi sosai, a duba, a bar kwali ya kwana a ƙasa. Gaskit na kwali yakan ɗan saki bayan zafin farko, don haka a sake bin kusoshinsa a hankali bayan kwana biyu, da awon nan dai na Nm 8 zuwa 12. Gejin mai kuma a ci gaba da duba shi kowace safiya, mota a wuri mai daidai, har zuwa juyen man farko a kilomita 1,000.